Ranar da Hajara ta Manta Yadda Ake Fate

Duk kwatas ɗin ma'aikatan ruwa da ke Tiga, in ana maganar faten tsaki, sunan Hajara matar Sani ake fara kira, sauran mata su biyo baya a hankali. Ranar da ta ɗora tukunya, ranar maƙwabta ke tunawa da zumunci. Wannan ta leƙo ɗiban wuta, waccan ta shigo cigiyar akuyarta alhali akuyar tana ɗaure a turke, kuma kowacce da ɗan kwanonta a ƙarƙashin mayafi. To, wannan Hajarar ce ta tashi wata safiyar Laraba, cikin kakar 1988, da niyyar lalata fate da hannunta.

Dalilin yana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki, lulluɓe da baƙin saƙi. Mahaifiyarta ce, Saude. Hajara 'yar fari ce, kuma kowa ya san yadda Fulani suke da ɗan fari. Ana yaye ta kakarta ta ɗauke ta, can ta girma, can aka yi mata aure. Kakar take kira Inna, uwar da ta haife ta kuwa Adda take ce mata, kamar wata yayarta. Shekara ashirin da shida ke nan Adda ba ta taɓa kama sunanta ba. In magana ta zama dole, sai ta nemi wani abu a kusa ta gaya masa, ko turmi ne ko bango. A nan Tiga wata kaza wake-wake ta samu, ita ta zama 'yar aike.

Ran Litinin Buba, ƙanen Hajara, ya kawo ta daga rugarsu ta wajen Doguwa, bayan zazzaɓi ya yi mako biyu yana wasa da ita. Malamin asibiti ya ba da ƙwayoyi a ƙunshin takarda, ya ce sau uku a rana, bayan an ci abinci. Ya maimaita har da ɗaga yatsa: in cikin babu komai kada a ba ta, don zai fi ciwon illa. Buba ya ce to, ya koma wurin shanu, ya bar wa Hajara aiki.

Aikin kuwa shi ne, nan gidan suruki ne. Adda ta sa loma a bakinta a gidan mijin 'yarta ta fari? Ai gara ta haɗiyi tabarmar. Shi kuma Sani, bawan Allah, ƙara dagula lamarin yake yi da alherinsa. Ran Litinin ya kawo tsire. Ran Talata ya kawo burodi da madarar gwangwani da karfasa guda uku masu rai-rai. Sai ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya tsuguna can nesa kamar mai laifi, ya yi gaisuwa kansa a ƙasa, ya ajiye kayan ya fice da sauri. Shi ma kunya ta hana shi ci a gidan. Gida ɗaya, mutum biyu suna gasar yunwa, kowa yana girmama kowa.

Duk abin da aka ajiye, Adda sai ta dubi kaza ta ce, "A gaya wa masu gida an gode. A ƙoshe ake."

Nonon da ta zo da shi a ƙwarya shi take kurɓa, shi ma jiya ya ƙare. Yau da asuba Hajara ta ga da ƙyar Adda take ɗaga buta. Ta tsorata ƙwarai. Gari na wayewa kuma ta tarar Adda ta ɗaure ƙunshin kayanta, tana shaida wa kaza cewa in motar Doguwa ta zo wucewa da hantsi, baƙo zai koma inda ya fito. A ruga wa zai bi ta da ƙwaya sau uku a rana? Ko can ɗin ma sai ta kai da ƙafafunta tukuna.

Hajara ba ta iya damuwa hannu a sake ba. Ta jawo tsakin masarar da aka ɓarzo mata a inji, ta zauna bayan madafi tana regewa, ta juya daga wannan ƙwarya zuwa waccan har sau uku, yadda ta saba, sai da ya fita tas. Tana cikin haka kan maƙwabciyarta Baturiya ya ɓullo ta saman katanga. Baturiya matar direban tankar ruwa ce, 'yar Bebeji, mace mai jiki da murya, wadda ba a taɓa kawo mata matsala ta rasa shawara ba, ko da shawarar za ta rushe gida.

"Har yanzu?" in ji ta, da abin da take ɗauka raɗa ne.

"Har yanzu. Ta ma ɗaure kaya."

Baturiya ta dubi tsakin, ta dubi sama, sai idonta ya yi wani ƙyalli. "Ke 'yar Fillo, kin taɓa ganin mai girkin da ta sauke tukunya ba ta ɗanɗana ba?"

"Adda ba za ta taɓa tukunyar gidan nan ba."

"Za ta taɓa in ta ga ana yi wa abinci kisan gilla a gabanta. Babu tsohuwar da za ta iya kallon wannan. Ta taɓa ganin girkinki?"

Sai yanzu Hajara ta lura. Duk Tiga an ci fatenta, har da injiniyan da ke zuwa daga Kano, amma uwarta ba ta taɓa ganin ta riƙe da ludayi ba. Abin ya sosa mata rai. Kafin ya gama sosawa kuma dariya ta taso mata daga ciki, ta toshe baki da gefen zane.

"Yawwa!" in ji Baturiya. "Yau ba ki iya komai ba. Fito da murhu tsakar gida, daidai inda za ta gani. Ga ni nan zagayowa."

Aka jera duwatsun murhu taku biyar daga tabarmar Adda. Baturiya ta shigo da sallama mai tsawo, ta durƙusa ta gai da tsohuwa, ta tambayi jiki da shanu da mutanen ruga ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juya ta ce da ƙarfi, "Hajara, yau kuma me za a ƙona mana?"

"Fate nake so in gwada," in ji Hajara, tana kallon ƙasa don kada su haɗa ido.

Ta fara da wuta. Ta cusa itace har murhun ya toshe, hayaƙi ya turnuƙe gidan, kaza ta yi ta kanta. Ta ɗora tukunya a karkace, ta cika ta da ruwa har baki. Lulluɓin Adda ya ɗan ja baya, ido ɗaya ya fito.

Sai Hajara ta ɗauko yakuwa da alayyafo, ganyen da ake sa wa a ƙarshe in an kusa saukewa, ta kama yayyaga su da hannu kamar mai ba akuya, ta nufi ruwan sanyi da su. Hannunta har ƙaiƙayi yake don takaici. Adda ta yi tari.

"Sannu Inna," in ji Baturiya. "Hayaƙin ne ko? Zuba, Hajara, zuba. Ganye ai shi ake fara sa wa, ya kwana biyu yana dahuwa."

Adda ta nemi kaza da ido, ta hango ta a gindin rumbu. "Wake-wake," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "a wasu garuruwan wake ake fara sa wa."

"Au!" in ji Hajara. Ta ajiye ganyen da sauri, ta ɗauko waken da ta jiƙa, ta zuba. Zuciyarta tana tsalle. Kifi ya fara taɓa ƙugiya.

Daga nan Baturiya ta samu wuri. Ta ce a kawo sukari, wai haka matan Kano suke yi yanzu. Ta ce daddawa ta tsufa, an daina yayinta. Ta ce attaruhu ba a jajjaga shi, ɗungurungum ake jefawa, kowa ya ci karo da rabonsa. Hajara tana cewa to, to, kafaɗunta suna rawa, tana fakewa da hura wuta. Sau biyu ta shige madafi kamar mai neman wani abu, ta jingina da bango ta yi dariyar da ba sauti har hawaye, ta goge ido ta fito da fuskar marainiya. Adda kuwa ta bar jingina. Ta zauna sosai, lulluɓin ya sauko kafaɗa, leɓenta yana motsi kamar mai jan carbi. Ta gaya wa kaza cewa sukari na kunu ne. Ta gaya mata cewa turmi ba don ado aka sassaƙa shi ba. Amma ba ta tashi ba, rana kuma tana ɗagawa, ƙunshin kayan yana nan a gefenta.

Hajara ta dubi inuwar katanga, ta ga hantsi ya kusa. Dariyar ta tsaya mata. Sai idonta ya faɗa kan ɗan kwano mai murfi da ke bakin ƙofa. Man shanu ne soyayye, Adda ta zo da shi ta ajiye a nan ba ta ce na wane ne ba. Buba ne ya tsegunta wa Hajara cewa daga nonon saniyar ita Hajarar aka kaɗa shi, jikar wadda aka ba ta ranar suna, kuma Adda da zazzaɓin a jikinta ta zauna ta kaɗa, ta hana kowa taɓawa.

Ta ɗauko kwanon. Ta ɗauko dunƙulen kanwa kamar ƙwan agwagwa a ɗaya hannun. Ta tsaya a kan tukunyar da ko tafasa ba ta yi ba, ta buɗe murfin, ƙanshi ya tashi, ta karkata kwanon gaba ɗaya.

"Ke!"

Ba kaza aka ce wa ba. Kazar ma tana bayan rumbu. Hajara ta daskare da kwano a hannu. Adda ta miƙe, ta dafa bango, ta taka taku biyar ɗin nan tana layi, ta fizge kwanon ta rungume shi kamar jariri.

"Mai a ruwan sanyi? Da kanwa? Sabulu za ki yi? Kauce!"

Hajara ta kauce. Baturiya ta tura kujera 'yar tsuguno ƙarƙashin tsohuwa, ta ɗaga ido sama tana godiya ga Allah a ɓoye. Abin nema ya samu.

Wanda bai ga Adda a bakin murhu ba bai ga aiki ba. Ta zare itace uku, wuta ta kama fes. Ta sa aka rage ruwan, aka gyara zaman tukunya. Ta gutsuri kanwa kamar ƙwayar dawa ta jefa don wake ya yi laushi. Ta sa Baturiya jajjagen attaruhu da albasa da daddawa, ta sa ta dakan gyaɗa, Baturiya tana daka tana cewa, "Ikon Allah, ashe haka ake yi!" Aka gyara karfasa ɗaya aka sa. Da tukunya ta tafasa, ƙanshi ya fara zagaya gidan, Adda ta miƙa hannu aka ba ta ƙwaryar tsaki. Ta dama yatsunta a ciki, ta ɗan tsaya, ta sake damawa. Sannan ta ce, "Zo nan."

Hajara ta matso ta tsuguna.

"Tsaki ba a juye shi. Barbaɗa shi ake yi. Hannu ɗaya yana zubawa, ɗaya yana juyawa, in ba haka ba ya yi gudaji." Ta kama wuyan hannun Hajara ta ɗora a kan muciya, ta juya da ita. "Haka. Kada ki tsaya. Haka."

Tafin hannun da zafin zazzaɓi, ga kaushi, ga ƙarfi kuma. Hajara ba ta tuna ranar da hannun nan ya taɓa riƙe ta ba. Ta juya muciyar a karkace da gangan don kada a sake ta, aka kuwa ƙara riƙewa. Tana jin Adda tana gunaguni, wai ba laifin yarinya ba ne, laifin waɗanda ba su zauna sun koya mata ba ne. Nan dariya da kuka suka haɗu mata, ta rasa wanda za ta fara. Ta ce albasar nan da yaji take.

Tsaki ya kumbura, fate ya fara kauri yana ɓul-ɓul. Aka yanka ganyen da wuƙa yadda ya kamata, aka zuba da gauta da lawashi. Saura gishiri, kuma gishirin yana hannun Hajara. Adda ta miƙo hannu, Hajara ta ɗora mata ɗan mitsitsi kamar mai rabon kwalli. Adda ta jefa, ta juya, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa.

"Bai ji ba."

"Inna, ai tafin hannu ba ya faɗin gaskiya," in ji Baturiya, ta zaro ƙoƙo daga bayan zane kamar dama can aka haife ta da shi. "Gumin hannu yana da nasa gishirin. Mu a Bebeji a ƙoƙo muke ɗanɗanawa."

Ƙarya ce tsagwaronta, babu wanda ya taɓa jin wannan a Bebeji. Amma Adda ta karɓi ƙoƙon. Ta zuba rabin ludayi, ta hura, ta kurɓa. Hajara ta bi loman da ido har ya wuce maƙogwaro, ta ji kamar ta yi guɗa.

"Ƙaro."

Aka ƙaro wani mitsitsin. Aka sake ɗanɗanawa, wannan karon ludayi guda. Da gishiri ya ji, Baturiya ta ce ita kam tsamin yakuwar ne take shakka. Aka duba. Hajara ta ce anya waken ya nuna? Wake kuwa ba a gane shi da ruwa-ruwa, sai an kwaso daga ƙasa. Aka kwaso. Sai batun kifi, ko ya saki ƙaya. Sai Adda da kanta ta ce ba a san gaskiyar fate sai da mai, ta buɗe kwanonta ta ɗiga, ya narke ya yi rawaya a kai. Baturiya tana ƙirgawa da yatsu a bayan tsohuwa, tana nuna wa Hajara: huɗu, biyar. Gumi ya tsattsafo a goshin Adda.

Ana kan na shida sai ga ƙarar babur daga kwanar kwatas. Duk Tiga babur ɗaya ne mai wannan tarin, na Sani. Hannun Adda ya tsaya da ƙoƙo a sama.

Hajara ba ta san sanda ta kai ƙofar gida ba, ko takalmi babu. Ta tare shi yana shirin jingine babur, da ƙunshin ƙosai a hannu.

"Malam, kashe! Kashe shi!"

Ya kashe. "Lafiya? Jikin ne?"

"Tana ci."

"Alhamdu lil..."

"Rufe bakinka! In ta ji ko tarinka an gama. Juya ka koma, kuma kada ka tayar da shi sai ka wuce famfo."

Sani ya juya babur. Sai iska ta kawo masa ƙanshin, ya tsaya, hancinsa ya buɗe. Mutumin da ya kwana biyu yana rayuwa da shayin bakin tasha. "Hajara, fate ne? Ko a murfin kwano ne ki miƙo min ta kan katanga."

"Ni? Ai ban iya fate ba. Yau ake koya min."

Ta bar shi nan baki buɗe. Da ta waiga, ta hango shi cikin kakinsa na aiki yana tura babur a kan yatsun ƙafa, ƙosai yana lilo a hannun babur ɗin. Ta durƙushe a bakin ƙofa ta yi dariya har cikinta ya ƙulle, sannan ta gyara fuska ta shiga.

"Mai gyaran famfo ne," ta gaya wa Baturiya da ƙarfi. "Ya yi ɓatan gida."

Ƙoƙon ya koma baki. Tukunya ta sauka. Da Baturiya ta leƙa ciki, ta ga fate ya ja baya da kusan kamu guda, ta ce wutar yau da cin ruwa take. Ta cika kwanonta, don ko a ranar taimako ba ta mantuwa, ta yi sallama ta fita tana rangaji.

Gidan ya yi shiru. Adda ta koma tabarmarta ta jingina, tana numfashi a hankali, idonta ya washe. Hajara ta ɗauko ƙunshin takardar asibiti, ta ɓare ƙwaya biyu ta ɗora a faifai, ta ajiye da moɗar ruwa a gefen tabarma. Kaza ta fito tana tsattsagar tsakin da ya zube. Hajara ta dube ta.

"Wake-wake, malamin asibiti ya ce in an ɗanɗana gishiri, sai a bi da waɗannan."

Adda ta ɗauka ta haɗiye, ta kora da ruwa. Can bakin titi mota ta yi oda, ana kiran Tudun Wada, Doguwa, saura mutum biyu. Hajara ta saci kallon ƙunshin kayan. Adda ta jawo ƙunshin kayanta, ta jujjuya shi, ta tura shi bayanta ta yi matashi da shi. Motar ta ƙara oda, ta wuce.

Hajara ta tattara kwanuka ta kai bakin rariya. Tana wankewa, ta ba da baya, sai ta ji muryar Adda, a natse, tana yi wa kaza bayani.

"Tsakin nan na dama hannuna a ciki sau biyu. Ko tsakuwa ɗaya babu. Hannun da ya rege shi ba shi ne zai zuba mai a ruwan sanyi ba."

Soso ya tsaya a hannun Hajara. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, ta kasa waigowa.

"A gaya wa mai girkin gidan nan," in ji Adda, tana jan lulluɓi ta rufe fuska, "gobe dambu za a lalata. Da zogale na fi son shi."